Taubashi, lambar haraji ba sammaci ba ce

Taubashi, labari ya riga ka isa Daudawa. An ce ka samu aikin awo a wani kamfanin gurzar auduga a Funtua, to barka. An kuma ce da akawu ya miƙo maka takardar kama aiki ya ce ka rubuta lambar haraji, sai ka ce bari ka kama ruwa. Ba a sake ganin ƙeyarka ba sai a tasha, hularka ma a kan benci ka baro ta.

Ban ga laifinka sosai ba, abin gado ne. A da can, in aka ji mai unguwa ya shigo gari da malamin haraji, magidantan garinku rumbu suke faɗawa su ja murfi. To Balarabe Musa ya soke haraji da jangali tun 1979, lokacin Katsina na cikin jihar Kaduna, amma har yau ba wanda ya leƙa rumbu ya gaya muku ku fito.

Kasa kunne, tunda ni Allah ya ba karatun gidan. Sababbin dokokin haraji da Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, kuma lambar NIN ɗinka ita ce lambar harajinka. Lambobi 11 ɗin nan da ka ba mai rajistar layin waya har kana yi masa godiya, su akawu yake nema. Da su kamfani zai cire abin da ya hau kanka daga albashi, ya tura wa hukumar tara kuɗin shiga ta jihar Katsina da sunanka. In ka ɓoye lambar, cirewa dai za a yi, ranar da ka je neman takardar shaidar biya kuwa a yi ta laluben sunanka.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne dukiyar da kake gudu da ita. Naira 800,000 na farko a shekara gwamnati ba ta taɓawa. Abin da ya ɗaura a kai, har zuwa miliyan 3, shi ake cire wa kashi 15 cikin 100. Albashin da aka raɗa mini kuwa, ko an zazzage shi har da kuɗin goro, abin da za a cira ba zai sayi tiyar masara a kasuwar Sheme ba.

Ka koma ranar Litinin ka ɗauko hularka ka cike takarda. Ka kuma gaya wa akawu ya buɗe wani layi a ƙasa, don kuɗin sharata sun taru tun cika-cikin bara, kuma ni ba na yafe 800,000 na farko.