Amarya, Ga Dabarun Shiga Binciken Talata

Barka da shigowa gari, amarya. Tunda mai sanarwa ya kira sunanki ranar Lahadi kika miƙe aka tafa miki, to Uwar Zumunta ta riga ta ga fuskarki, kuma ba ta mantuwa. Talata da ƙarfe huɗu za a neme ki a binciken Littafi Mai Tsarki na Zumuntar Mata. Na daɗe ina zama a kan bencin nan na majami'armu da ke gefen Bukuru, don haka saurare ni kafin ki ɗaura ɗankwali.

Ƙarfe huɗu aka ce, kuma ƙarfe huɗun za ki tarar da tsofaffi uku da tulun kiɗa ɗaya. Sauran suna tafe, wata daga kasuwa, wata daga gona da jar ƙasa a dugaduganta, malamar makaranta da alli a yatsu. Ke dai ki zo tare da tsofaffin, ki durƙusa ki ce, "Sannunku Mama." A ɗan lokacin nan ne za ki ji wadda ta haihu, da wadda ke kwance a asibiti, da abin da mudun acca ya kai a kasuwa. Wajen zama kuwa, kada ki matsa kusa da mai buga tulu sai in kin shirya a miƙa miki caki. Kada kuma ki laɓe a bencin ƙarshe, domin can idon mai jagora yake fara sauka idan tana neman mai buɗewa da addu'a. Tsakiya ta fi.

Ki zo da Littafinki na kanki. Littattafai 66 ne a ciki, kuma akwai waɗanda suka iya ɓuya. Obadiya aya 21 ce kacal, ya maƙale tsakanin Amos da Yunana, in kika juya shafi biyu a haɗe kin wuce shi har ya yi miki nisa. Habakuk ma haka yake, ya lafe bayan Nahum. Duba jerin sunayen da ke farkon Littafin ba abin kunya ba ne, don haka aka buga shi. In kin samu wurin, ki sa tsinken tsintsiya. Mai karantawa a waya kuma ta kashe ƙararta, kada kiran mai gida ya shigo daidai lokacin da ake tsallake Bahar Maliya.

Akwai wani tarko da ba wanda zai faɗa miki sai ni. Mai jagora za ta ce a buɗe Kubawar Shari'a, ki bi Littafinki daga bango zuwa bango ki rasa. Yana nan, a naki Maimaitawar Shari'a ne sunansa. Iyayenmu suna riƙe da tsohuwar fassara ta 1932, wadda Dokta Walter Miller na Wusasa yake cikin waɗanda suka yi aikinta, mu kuma yawancinmu ta baya ce a hannunmu, wadda ta fito wajen 1980. Misalai nasu shi ne Karin Magana namu, Ru'ya ta Yohanna kuma Wahayin Yahaya. In aka ba ki aron Littafin wata Mama kika ga "ch" inda kika saba ganin "c", karanta abinki. Ki kuma riƙe shi da hannu biyu, don a bangon ciki ne ta rubuta ranakun haihuwar 'ya'yanta duka, har da waɗanda suka riga ta tafiya.

Karatu aya-aya ake yi, bi da bi. Za ki so ki ƙirga kawuna ki gano ayar da za ta faɗo kanki don ki gwada ta a zuci. Ƙirga mana. Sai dai ana gab da zuwa kanki wata za ta fita ba jariri nono, lissafi ya rushe, ki tsinci kanki gaba da gaba da Mefiboshet, ko jerin kakanni na Matiyu sura 1. Ki yanka sunan gaɓa-gaɓa kamar kina yanka kuɓewa, ki ɗaga murya. Muryoyi biyar za su taya ki ƙarasa shi, kuma ba dariya suke yi miki ba. A cikinmu akwai Berom, da Ngas, da Tarok, da Bajju, da Mwaghavul, kowa da harshen da ta sha a nono, Hausa ce ta tara mu a benci ɗaya. Akwai kuma waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, a nan suka koyi haɗa baƙi da wasali. Ranar da wata tsohuwarmu ta karanta sura ta farko ta Rut ita kaɗai, yatsanta yana bin layi, sai da muka tashi da guɗa.

Batun haddar aya, ki sani Yahaya 11:35 tana da masu ita tun kafin a haife ki, don ita ce gajeruwa. Zabura 117 aya biyu ce, ki fara da ita. Kada daɗin yabo ya ɗebe ki ki yi alkawarin ta 119, aya 176 ke jiranki a can.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta miki. Ki zo da tambaya, ki kuma yi ta. Ranar da aka kai Luka sura 10, labarin Marta da Maryamu, ki gyara zama. Wata za ta ɗaga hannu ta ce, "Mama Fasto, a gafarce ni, in kowa ta zauna sauraro, wa zai tuƙa wa baƙin tuwo?" Ɗaki zai ɗauki zafi, domin kowace mace a wurin ta baro tukunya a gida kafin ta zo. Masu goyon bayan Marta su ja, masu goyon bayan Maryamu su ja, a koma kan ayar a sake karantawa a hankali, har wata ta lura cewa abin da Yesu ya taɓo shi ne damuwar da ta cika zuciyar Marta. Haka ma Karin Magana 31, surar macen kirki da ake karanta mana a kowane biki har wasu suke jin ta kamar bulala. A bincikenmu ne wata mai sayar da tumatir ta nuna mana cewa matar nan tana da 'yan mata masu taya ta aiki, kuma da kanta ta duba gona ta saya. Tun daga ranar na daina ganin mata suna sunkuyar da kai in an buɗe surar. Wa'azin Lahadi ba ya ba ki damar ɗaga hannu, Talata tana ba ki. In kika haɗiye tambayarki don kunyar amarci, kin hana mata goma amsar da su ma suke nema.

Idan aka zo roƙon addu'a, ki kama harshenki da kyau. Akwai siririyar hanya tsakanin "mu yi wa 'yar'uwarmu addu'a" da gulma mai ɗaure da zanen zumunta. Ki faɗi bukatar, ki bar tarihin. Allah ya san sunan mijin da abin da ya yi, ba sai kin tuna masa da unguwa da lambar gida ba. Abin da wata ta faɗa da hawaye kuma, a bencin nan za ki bar shi, ko mai gidanki kada ya ji. Na ga macen da ta daina zuwa shekara guda saboda maganarta ta riga ta isa bakin famfo.

Sai Mama Ma'aji da littafinta mai bangon leda. Kuɗin wata da kuɗin zane, ki biya da wuri, domin biron nan nata bai taɓa ƙarewa ba. Kafin ki yi guna-guni, ki bi 'yan ziyara sau ɗaya ki ga inda kuɗin yake zuwa: sabulu, da mudun masara, da ɗaurin itace a ƙofar gwauruwa. Dokas ta Yafa da muke karantawa a Ayyukan Manzanni sura 9, wadda gwauraye suka nuna rigunan da ta ɗinka, ita muke ƙoƙarin bi.

Wata rana layin ziyarar zai biyo ta gidanki, ko da goyo ko da makoki. Za ki jiyo tulu da caki tun daga kwanar layi. Kada ki tashi ɗora tukunya, da kununsu za su zo, kuma wata za ta karɓe tsintsiya daga hannunki. Ki dai aro tabarmi a maƙwabta tun da safe, biyu ba za su isa ba.