Yadda Za Ka Zama Masanin Ƙwallo a Arlit Ba Tare da Ka Taɓa Buga Balo Ba

Kafin komai, ɗan'uwa, ka zaɓi gefe. A Arlit ba a yin ɗan ba-ruwanmu. Ko dai kana bayan Akokana FC, ko kana bayan Urana FC, kuma wanda ya ce shi duka biyun nasa ne, ana yi masa kallon mutumin da bai kamata a ba shi ajiyar kuɗin fada ba. Idan a Akokan aka yanke maka cibiya, an hutar da kai, an riga an zaɓa maka. Idan kuwa baƙo ne kai, aiki ya kawo ka daga Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, to ka duba wanda ke sayen sukari da ganyen shayi a fadar da kake zama, ka bi ƙungiyarsa. Wannan ba munafunci ba ne, sanin ciwon kai ne.

Sai kuma ka san lokacin magana. Shayi zagaye uku ne, hirar ƙwallo ma haka. A kofin farko mai ɗaci, kada ka ce uffan. Ka riƙa girgiza kai kawai, kana tsaki a hankali, kamar wanda ya ga abin da sauran ba su gani ba. A kofi na biyu ake buɗe zancen 'yan wasa. A na uku, mai zaƙi, ake korar mai horarwa. Wanda ya kori koci tun a kofin farko ya nuna shi sabon shiga ne, don bai bar wa kansa abin faɗa ba har a tashi.

Zancen 'yan wasa shi ne inda ake gane gwani, kuma abin farin ciki, ba ya bukatar ka san sunan kowa. Kama suna ma haɗari ne: garin ƙarami ne, mai yiwuwa kawun yaron ne zaune kusa da kai yana fifita gawayi. Ka ce "yaron nan na gefen hagu", ko "dogon nan na baya". Idan an ci ku, ka ce tun ranar da aka ɗauko shi ka faɗa cewa ƙafarsa ɗaya ce. Idan shi ya ci muku, ka ce kai ka fara ganinsa yana wasa ba takalmi a filin unguwa, ka ce wa mutane su sa masa ido. Babu mai rubuta abin da ka faɗa makon jiya, kuma duk wanda ya tuna, shi ma yana da nasa da yake so a manta.

Duk shekara za ku yi rashin ɗan wasa mai kyau, don haka ka tanadi jawabinka tun da wuri. Ka dubi jerin ƙungiyoyin da ke gasar ƙasa ka gani: AS FAN ta sojoji ce, AS GNN ta dogarawan ƙasa, US GN ta jandarmomi, ga AS Police, ga AS Douanes ta 'yan duwan, ga ta kamfanin lantarki Nigelec, sannan tsofaffin gidaje irin su Sahel SC da Olympic. Dukkansu a Yamai suke. Yaro ya tashi a Arlit, ya yi kaka ɗaya yana haskakawa, sai a ji ya hau mota ya yi kudu. A nan za ka ɗaga murya ka ce ba shi da kishin gari. Ka faɗa da ƙarfi, ka maimaita. Amma idan ƙanenka ne aka kira, ka raka shi tasha da kanka, ka dawo fada ka bayyana wa jama'a cewa ci gaban yaro ci gaban gari ne.

Yanzu ga babban makaminka, wanda magoya bayan Yamai ba su da irinsa: hanya. Daga Arlit zuwa Agadez kusan kilomita 240 ne, zuwa Yamai kuwa wajen 1,200. Hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 don jigilar yuraniyom, duk wanda ya bi ta ya san ba ta bukatar a yi mata ƙarya. Saboda haka duk wasan da aka yi a waje aka sha kashi, ba ƙungiya aka ci ba, gajiya aka ci. Ka tambayi masu sauraro, cikin natsuwa, ko akwai ɗan Adam ɗin da zai kwana a kujerar mota ƙafafunsa a naɗe, ya sauka ya yi gudun minti casa'in da mutumin da ya taso daga gidansa a kan babur. Za a yi shiru, don gaskiya ce. Wahalar tana zuwa ne ranar da baƙi suka biyo wannan hanyar, suka sha wannan ramukan, suka iso Arlit suka ci ku a gida. Ranar kada ka ambaci hanya ko da wasa. Ka koma kan iska: ta taso da ƙura daga gabas bayan hutun rabin lokaci, daidai sa'ar da kuka juya kuna fuskantarta. Idan ranar babu iska, ka ce zafi. Idan wani mai taurin kai ya ce ai baƙin ma a zafin suka yi wasa, ka dube shi ka tambaye shi ko shi ɗan wane gari ne.

Alƙalin wasa kuwa ba sai na koya maka ba. Wannan ilimi ne da ake haihuwar kowa da shi.

Abin da zai ɗaga ka sama da sauran masu baki, ya sa a riƙa cewa "bari Malam ya zo mu ji", shi ne ka iya ɗaura kowane sakamako a wuyan farashin yuraniyom. A nan sai ka ɗan yi haddar shekaru, amma ribar tana da yawa. An kafa Somaïr a 1968, ta fara fitar da ma'adini a 1971, garin Arlit kuma a dalilinta ya tashi a tsakiyar hamada. Cominak ta zo a 1974, ta fara haƙa a ramin Akouta na ƙarƙashin ƙasa a 1978, Akokan ta girma a gefenta. Lantarkin ma daga gawayin Sonichar na Cirozerin ake jawo shi. Wato a garin nan, daga asibiti har fitilar titi, kusan komai da ƙurar ma'adini a jikinsa, to don me mai tsaron raga zai fita daban? A 2007 laba ɗaya ta yuraniyom ta haura dalar Amurka 130 a kasuwar duniya. A watan Maris na 2011 aka yi hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan, ƙasashe suka ja baya, farashi ya yi ta gangara har ya faɗi ƙasa da dala 20 a ƙarshen 2016. A farkon 2024 ya sake tsallake 100. Da waɗannan lambobi huɗu za ka iya bayyana kowace kaka, mai kyau da marar kyau. Idan ƙungiya ta yi rauni a shekarar da farashi ya faɗi, ka ce ai ga dalili a fili. Idan ta yi rauni a shekarar da ya hau, ka ce kuɗin bai gangaro ba tukuna, kuma ka ɗaga gira yadda kowa zai cika sauran da kansa.

Sai dai akwai ranar da ba a wasa da ita: 31 ga Maris 2021, ranar da Cominak ta rufe, bayan ta fitar da kusan tan 75,000 a cikin shekara arba'in da 'yan kai. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da 'yan kwangila da masu sayar musu da abinci da masu yi musu ɗinki. A kowace fada ta Akokan akwai wanda abin ya taɓa. Idan zance ya biyo ta nan, ka sauke murya, ka bar masu abin su yi magana. Ni a ganina, mutumin da aka rufe masa rami amma har yau yake fitowa fili ranar wasa yana zagin mai tsaron baya, ya fi duk wani mai sharhi na rediyo sanin abin da ake nufi da goyon baya, ko da duk abin da yake faɗa game da mai tsaron bayan kuskure ne. Haka zancen ƙwace lasisin haƙar ma'adinin Imouraren daga hannun kamfanin Orano a 2024, da mayar da Somaïr hannun gwamnati a 2025: ka san su, ka ambace su a taƙaice don a san ka sani, ka yi maza ka koma kan wanda ya ɓarar da fenariti. Fenariti ba ta taɓa raba zumunci na fiye da kwana biyu ba.

A kowace fada akwai dattijo, tsohon ma'aikacin kamfani, wanda ya ga zamanin da ake kiran Arlit Paris ta biyu. Har fim aka yi da wannan suna a 2005, na Idrissou Mora-Kpaï ɗan ƙasar Benin. Dattijon zai gaya maka cewa a da 'yan wasa suna cin nama kullum, takalmansu daga Faransa ake kawowa, kuma akwai wani ɗan gaba da ya taɓa fasa raga da bugu ɗaya. Kada ka nemi shekara, kada ka nemi suna. Ka ce, "Ƙwarai kuwa, Baba, ai ku kuka ga ƙwallo, mu saura muka tarar." Da wannan jimla ka sayi kariya ta kaka guda. Ranar da matasa suka taso maka a kan wani hasashe da ka yi ya sha ƙasa, shi zai ɗaga hannu ya ce, "Ku ƙyale yaron nan, yana da hankali," ko da kai ma furfura ta fara fito maka.

Idan kaka ta zo ƙarshe, ƙungiya tana lilo a gindin tebur, lokacin lissafi ya yi. Ka samo tsinke ka share ƙasa a gabanka. Idan mun ci wannan, waɗancan suka yi kunnen doki, na Damagaram suka taimake mu a kan na Maraɗi, to mun tsira. Duk wanda ya yi maka dariya, ka tuna masa da ranar 8 ga Oktoba 2011. Ranar Masar ta ci Mena, ƙungiyar Nijar, uku da nema. A can Afirka ta Kudu kuwa, 'yan Bafana suka riƙe Saliyo babu ci, suna jan lokaci da gangan, aka tashi suka yi ta rawa a fili suna murna sun wuce. Ashe ba su karanta doka ba. Ƙasashe uku ne suka yi maki tara-tara, kuma ba yawan ƙwallaye ake dubawa ba, sakamakon karawarsu da juna ake dubawa. Nijar, a ƙarƙashin Harouna Doula, ita ta tafi gasar cin kofin Afirka ta 2012 a Gabon da Ikwatoriyal Gini, karo na farko a tarihinta. Masar ɗin ma, mai riƙe da kofin, Moussa Maazou ya riga ya zura mata ɗaya a Yamai shekara guda kafin nan. Wannan labari ya ishe ka hujja har tsufanka cewa ana iya shan uku a yi biki, kuma mai tsinke a hannu ya fi mai rawa.

Za ka haɗu da wani nau'in matashi, sanye da rigar Barcelona ko Real Madrid, wanda zai ce shi ba ya kallon ƙwallon gida don babu kofi a ciki. Kada ka yi fushi. Ka gaya masa cewa a Kanada, wadda ita ma ƙasar yuraniyom ce, har wani kamfaninta yana haƙa a Dasa nan kudu da mu, wasan da suke mutuwa a kansa shi ne hoki, wanda ake yi da sanduna a kan daskararriyar ƙanƙara. A birnin Toronto akwai ƙungiyar Maple Leafs, mai kuɗi kamar ba gobe, wadda rabonta da kofin Stanley tun 1967. Ba a kafa Somaïr ba a lokacin, ba a aza tubalin Arlit ba. An haƙa rami, an gina gari, an rufe wani ramin, su suna nan suna cewa baɗi tasu ce, kuma filinsu cike yake. Su ga ƙanƙara har ta tafiya a kai, mu nan sai an saya a ƙulle a leda, amma haƙurin iri ɗaya ne. Idan yaron ya tambaye ka yadda ake buga hokin, ka ce lokacin salla ya yi.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya fi kayar da masana. Wata rana, ana tsakiyar kofi na biyu, kana cikin bayanin yadda za ka gyara tsakiyar fili da a ce kai ne koci, wani zai zaro littafi da biro ya ce ƙungiya za ta yi tafiya, ana karo-karon kuɗin mai da na abincin yara, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Kada ka firgita, kada kuma ka tashi nan take, don idanu suna kanka. Ka yaba wa shawarar, ka ce tun bara kake faɗin a yi haka. Ka tambaya ko wa zai riƙe kuɗin, ka nemi a kafa kwamiti, ka ba da sunan Baba a matsayin shugaba. Idan duk da haka littafin ya iso gabanka, ka sa a rubuta maka jika biyar, da babbar murya, ka ce za ka kawo in an yi albashi. Ba ka faɗi na wane wata ba.