Mai Zanen Unguwarmu

Mu dai a nan cikin Birnin Kano, yaron da hannunsa ya faɗa a zane ya zama na kowa. Sunan yankansa ma ɓacewa yake yi, sai dai ka ji ana cewa a kira Mai Zane. Namu ya girma, ya ajiye iyali, amma har gobe Gwaggo takan aiko jikanta da hoton marigayi mijinta da ya koɗe, a fito mata da shi yadda yake da hularsa. Kuma a fito da shi. Ba a zancen kuɗi, kwano ne zai biyo baya da la'asar, ɗan wake da mai da yaji, an yanka ƙwai a kai.

Soron gidansu ne wurin aikinsa. Teburin yana bakin ƙofa saboda hasken safe, don shi in ya dawo daga sallar asuba ba ya komawa barci. Ya ce kafin hantsi hannu ya fi natsuwa, yara kuma ba su fara shige da fice ba. Gwangwanayen madara ne jere, cike da fensir da burushi, bango duk an liƙe shi da takardu: kan doki, hannun mai kitso, Ƙofar Nasarawa da yamma. Da hunturu yakan lulluɓe komai da tsohon zanin uwargida, domin ƙura ba ta ragar wa farar takarda.

Mu kuwa aikinmu tsayuwa a bayansa da sa baki. "Malam, hancin nan bai yi tsawo ba?" "Yaya, ai rawanin ɗan sarki kunne biyu ne, gyara." Wani zai ce takura ce, amma ni na ga ranar da ta yi amfani. Yana zana mace tana daka, na littafin 'yan firamare, Hajiya ta zo wucewa ta leƙa, ta ce, "Ɗan nan, wadda ta riƙe taɓarya haka ba ta taɓa surfe ba. Tsakiya ake kamawa, kuma ƙafa ba ta haɗewa a gindin turmi." Ya tashi ya shiga cikin gida, ya zauna ya kalli ƙanwarsa tana surfa gero, ya dawo ya goge ya sake. Wanda aka buga a littafin ke nan, kuma duk macen da ta gani ta san hannun ya zauna daidai.

Akwai masu cewa zane abin 'yan boko ne. Ina fa! Wa ya yi wa ɗanka zayyanar allo ranar saukarsa, da ja da rawaya da kore? Dagin da ke goshin tsofaffin gidaje, a nan da Zariya da unguwar Birni ta Damagaram, magina ne suka fitar da shi da hannu. Aska takwas a babbar riga sai da wani ya zana ta a kan yadi kafin allura ta bi. Ga lallen amare, ga zaki da dawisu a bayan gingimari. Da yawanmu mun fara son karatu ne saboda hotunan cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. Da littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano a shekarun 1980 da 1990, sau da yawa bangon ne ke fara jan mai saye. Maganar zana mai rai kuwa, kowa da abin da malaminsa ya karantar da shi, shi ma Mai Zane ya je ya tambayi nasa, ba ma tayar da ita a soro.

Abin da ke damuna shi ne biya. Tela in ya ɗinka, mu ƙirga mu ba shi. Kafinta ma haka. Mai Zane ya kwana biyu a kan tambarin shagonka, sai ka ce masa Allah ya yi albarka, ka juya. Addu'a ta yi, amma takarda da fenti saye ake yi, ga kuɗin makarantar yara. Balle yanzu da injin buga bana ya kwashe aikin allon shago. Dole ta sa ya koyi kwamfuta: ya zana a takarda, ya ɗauka da waya, ya zuba launi a na'ura, ya tura wa mai aiki ta WhatsApp. In an ɗauke wuta ya koma kan fensirinsa.

Yawon neman abin zanawa ya mayar da shi mai kawo mana labarin abinci. Ya je Jakara zana masu gurasa a bakin tanderu, ya dawo da bandashe a leda, ƙuli-ƙuli ya jiƙu da man gyaɗa, albasa na ƙamshi, aka zagaye shi. Ya je Agadasawa ya ga yadda ake shanya kilishi kafin a tsoma shi a labu. Daga Sabon Gari kuma ya zo yana mamaki, ashe miyar da Yarabawa ke ci da amala ganyen lalo ce, wannan da ke fitowa a kangon bayan gidanmu da damina.

Yanzu duk ya tattara zane-zanen yawon nan zai yi littafin yara a kan abincinmu, kuma wani Alhaji a layinmu ya yi alkawarin kuɗin maɗaba'a. Musun da ya rage a majalisa shi ne abin da zai hau bango. Dattawa sun kafe a kan fura da nono a ƙwarya, da ludayi. Samari sun ce gurasa ce Kano. Matan gida sun aiko da saƙo cewa in ba a sa tuwo da miyar kuka ba, kada a kawo musu littafin.