Ire-iren Dattawa Masu Hawan Jini a Ajin Wayar Salula

Ilimin hawan jini, wanda a da sai an bi layin asibiti ake samunsa, yanzu waya ce ke kai shi har kan tabarma: saƙon tes, muryar malamar asibiti a WhatsApp, da ƙararrawar tuna shan magani. Darasin ba shi da yawa. Awon da ya zauna a 140/90 ko sama da haka hawan jini ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokalin shayi ke nan. A motsa jiki minti 150 a mako, a sha magani kullum. Karatu ɗaya ake biya wa kowa, amma ɗaliban sun kasu kashi-kashi.

Akwai mai wakili. Waya tata ce, kuɗinta ke sayen data, amma jika ke riƙe da ita. Malamar asibiti za ta yi bayanin minti shida, jika ya saurara da kunne ɗaya, ya taƙaita: "Kaka, an ce ki daina cin nama, ki riƙa ba ni." Kafin darasi na biyu ya iso data ta ƙare a TikTok.

Sai mai yaɗawa, wanda galibi ɗan fansho ne mai wadatar lokaci. A wurinsa yawan hannun da saƙo ya bi shi ne ingancinsa. Yau tafarnuwa a ruwan ɗumi, gobe zogale, jibi zobo. Zobo kam bincike ya nuna yana ɗan sauke awo, sai dai bai kai ya maye gurbin maganin asibiti irin amlodipine ba, balle na ƙulli da aka cika wa sukari. Idan aka yi masa gyara sai ya ce, "Malama, ai wani babban likita ne a Indiya ya faɗa." Sunan likitan ba ya taɓa zuwa tare da saƙon.

Mai awo kuwa ɗansa ne ya aiko masa da na'ura, tun daga ranar gidan bai huta ba. Ƙa'ida ita ce mutum ya zauna shiru minti biyar, bayansa a jingine, dantsensa daidai ƙirji, bai ci goro ko ya sha kofi ba cikin rabin awar da ta wuce. Shi kuma yana gama sa-in-sa da masu yankan wuta zai ɗaura, goro a kunci, yana ci gaba da mita. Ya ga 170, gabansa ya faɗi, ya sake ɗaurawa ya ga 180. Ƙarfe biyu na dare zai turo hoton sakamakon, rabinsa babban yatsa, rabinsa darduma.

Wadda ta fi kowa wahalar da malamai ita ce mai cinikin gishiri. Ba ta musu, ba ta fashin darasi, ita ce ma ke fara turo "Allah ya saka da alheri". Ta ji an ce a rage gishiri, ta rage tsakani da Allah, sannan ta ƙara dunƙulen magi uku don kada miya ta yi lami. Ba wanda ya gaya mata cewa kaso mai yawa na dunƙulen nan gishiri ne, ko kuma an gaya mata a ranar da maƙwabta ke suna. Kanwar da take jefa wa miyar kuɓewa da wake ita ma tana ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda shi ne abin gudu a cikin gishirin. Yajin tsire da kilishi ba ta lissafa su a abinci, tsaraba ce. Idan aka ba ta shawarar daddawa da citta da albasa, sai ta tambaya ko malamar ta taɓa ciyar da gida mai mutum goma sha biyu. Tambayar tana da nauyi, domin tukunya ɗaya ake ɗorawa, kuma maigida ba ya cikin ajin.

Mai ƙirgar taku ba ya buƙatar dogon bayani. An nuna masa manhajar da ke ƙirga sawu, sai ya riƙa ba yaron aike wayar in za shi kasuwa. Abin haushin, da ya ajiye babur ya taka masallaci mai nisan minti biyar sau biyar a rana, kai da komo minti 50 ne, ya zarce abin da aka nema.

Mafi haɗari shi ne mai cewa "jikina ke gaya mini". Ranar da kai ya sara ya sha ƙwaya, ranar da ya ji garau ya ajiye. Ƙararrawa ta buga, ya kashe ta ya ce "na ji". Hawan jini kuwa yawanci ba ya sallama. Sau da yawa shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda ce sanarwarsa ta farko. Wannan dattijo shi ne kuma ke aika a sayo masa diclofenac a kemis saboda ciwon gwiwa, maganin da ke iya ɗaga awo.

Na ƙarshe ba ya WhatsApp ma. Ƙaramar waya gare shi mai tocila, an ɗaure ta da kyauro, saƙon tes kaɗai ke shiga, ba ya kuma amsawa, har malamai kan zaci ya canza lamba. Ya ajiye maganinsa kusa da buta, yana sha bayan sallar asuba. Ranar asibiti yakan zo da littafin makaranta na jikarsa, ya rubuta awonsa da ajami, kwana bi da bi. Shi ne ba a cika canza wa magani ba.