Mafarautan Turanci a Kazage

A Kazage, kamar sauran ƙasar Birnin Gwari, babu mai cinikin masara da Turanci, babu mai haƙar zinariya da shi. Amma in babu kiredit ɗinsa a WAEC ko NECO, ko lissafi ka haɗiye, jami'a ba ta san da zamanka ba. Shi ya sa kowa ya bazama farautarsa, kowa da irin tarkonsa.

Gwanina a cikinsu shi ne mahaddacin ƙamus. Wani tsohon Michael West ya samo a hannun masu baza littattafai a bakin titi a Kaduna, ya ɗaure shi da roba, ya ɗauko hadda daga shafin farko kamar almajirin tsangaya. Shekaru sun tafi, yanzu ya kai ƙarshen harafin C. Saboda haka duk wata masifa da ta fara da A ko B ko C tana bakinsa. In akuya ta shiga gona, "calamity" ce. Mai shayi ya rage masa madara, ya zama "abominable". Amma tambaye shi yadda ake cewa ruwa, sai ya gyara hula ya ce, "Ɗan'uwa, ba mu zo wajen ba tukuna." Gwarzonsa a duniya Patrick Obahiagbon, tsohon ɗan majalisar wakilai daga Edo, wanda in ya yi magana har 'yan jarida sai sun nemi ƙamus. Yana da bidiyonsa a waya, yana kallo yana gyaɗa kai, kalma ɗaya bai gane ba, kuma abin da ke burge shi ke nan. Tsautsayi ya sa dattawan unguwa suka ba shi rubuta takardar roƙon gyaran famfon burtsatse. Ya kwana uku a kanta. Inda aka kai ta, aka karanta, aka aiko mana da gaisuwar ta'aziyya.

Akwai ɗan "yes". Duk abin da aka ce masa, yes. A shingen sojoji na hanyar Kaduna, wajen Buruku, aka tambaye shi ko yana ɗauke da makami, ya washe baki ya ce yes. Sai da direba ya yi ta "Ofisa, a yi haƙuri" kafin mu wuce.

Ɗan gidan kallon ƙwallo kuwa a bakin masu sharhin gasar Firimiya ya yi karatunsa. Yana karya harshe har ka rantse a Manchester aka yanke masa cibiya. Miƙa masa biro ya rubuta takardar neman aiki, sai fitsari ya matse shi.

Mai waya ba ya wahalar da kansa, Google ke yi masa komai. Da aka katse layukan sadarwa a yankinmu a ƙarshen Satumban 2021, Turancinsa ya tafi tare da sabis, bai dawo ba sai da aka maido da shi a Nuwamba.

Sai masu nahawu. Sun sauke Brighter Grammar tun daga littafi na ɗaya, sun san sunan kowane lokaci na aikatau, suna iya zana maka jadawalinsa a ƙasa da tsinke. In baƙo ya gaishe su, sai su shiga lissafi a zuci: wannan shuɗaɗɗe ne ko mai ci? Kafin jimla ta haɗu, baƙo ya kai Funtuwa. Mutane ne masu zurfin tunani da kamun kai, kuma bai kamata a matsa mana ba.

Duk waɗannan ina shan shayi da su da daɗin rai. Wanda ba na iya haɗiyewa shi ne mai dariya. Ba ya koyarwa, ba ya gyara, kunne kawai yake kasawa yana jiran wani ya sa "f" a gurbin "p" ya kwashe da shewa, ya maimaita sau biyar, ya kira na nesa su zo su ji. Yaran nan fa da yake yi wa haka, wasunsu makarantunsu sun daɗe a rufe saboda 'yan bindiga, wasu daga ƙauyukansu aka koro su da tsakar dare. Yarinya ta yi ƙarfin hali ta ɗaga hannu a ajin lesin, ta haɗa jimlarta ta farko, ya ce mata, "Ke, rufa mana asiri." Har aka gama zangon ba ta sake buɗe baki ba. Shi kuwa da ka nemi ganin sakamakon jarrabawarsa, sai ya ce yana wurin yayansa a Zariya. In ya shigo majalisa nakan ɗauki kofina in koma wancan bencin, sallamarsa ma da ƙyar nake amsawa.