Ɗan Kwikwiyo Ya Shigo Gida: Yadda Muke Yi a Balan

Mu nan Balan, da kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, sai cigiyar 'yan kwikwiyo ta tashi. Wanda karyarsa ta haihu shi ne mai farin jini a unguwa: wannan ya aiko ɗansa, wancan ya ce a ajiye masa baƙin nan mai farar ƙafa. Mai awaki yana neman mai gadi, maharbi yana neman abokin shiga dawa kafin rani ya kankama. Haka abin yake har Kademi da Shagogo, har Toranke ta ƙasar Ajingi.

To, mu ba ma ɗauko ɗan kwikwiyo da jajayen sawu. Sai ya kai kamar wata biyu yana shan nonon uwarsa. Ranar da ya iso, abin farko shi ne makwanci: gindin rumbu ko kusa da turken awaki, a shimfiɗa masa tsohon buhu. Daren farko kuwa kuka zai yi ta yi, yara su ce a shigo da shi ɗaki, Inna ta ce, "Ku ƙyale shi, kewar uwa ce, jibi ma ya manta." Gaskiyarta, domin inda ya kwana a makon farko, nan zai ɗauka nasa ne.

Sai batun kashi da fitsari, wanda shi ne ke haɗa matan gida faɗa da masu kare. Kwikwiyo ba ya iya riƙewa. Da ya farka, da ya ci, da ya gama wasa, zai nemi wuri. Shi ya sa muke ɗora wa yaro guda aikin: da asuba ya ɗauke shi zuwa bayan danga, gefen juji, kuma kullum wuri ɗaya. Ka lura da shi da kyau. In ya daina wasa, ya sa hanci a ƙasa yana shinshina yana kewayawa, to lokaci ya yi, maza a fita da shi. Ya yi a can, a shafa kansa, a ba shi 'yar lomar tuwo nan take. In ya yi a tsakar gida, a kwashe, a wanke da sabulu, a barbaɗa toka, don warin ne ke sake jawo shi wurin. Duka ba ya koya masa komai sai tsoron hannu, kuma karen da ya tashi da tsoro shi ne mai cizo.

Muna da iyakoki huɗu da ba ma wasa da su: ƙofar ɗaki, madafa, gindin randa, da tabarmar sallah. Kaskonsa daban na abinci, daban na ruwa. Liman yakan tuna mana cewa hadisi ya ce a wanke ƙwaryar da kare ya sa baki sau bakwai, ya kuma halatta riƙon kare don farauta da kiwo da gona. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ma ta yi maganar dabbar farautar da aka koya wa aiki. Ashe horon kare ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Inda ake samun tangarɗa shi ne gida ya rabu biyu. Baba ya ce "Fita!", jikoki su lallaɓa su ba shi ƙanzo a bakin murhu. Kalma ɗaya za a riƙe, kowa ya faɗe ta, tun daga maigida har autan gida. Haka batun kaji da zabi: a riƙa zaunar da shi kusa da su tun yana ƙarami, a tsawata masa da ya fara bin ɗan tsako. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi, kuma wanda ya ɗanɗana ƙwai sau ɗaya, raba shi da akurki sai an sha wuya.

Abin da nake roƙon mu ƙara a kan na iyaye shi ne allura. Da ya cika wata 3, a nemi malamin dabbobi ya yi masa rigakafin haukan kare, a riƙa sabuntawa duk shekara, a ba shi maganin tsutsar ciki, a cire masa kaska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan duk mutanen da cutar ke kamawa daga kare suke samunta, kuma da alamunta sun bayyana ba a cika tsira ba. In kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a nufi asibiti a ranar.

Kare ba ya shiga ɗakinmu, amma haƙƙinsa yana wuyanmu. Wanda ya san ba zai iya ba shi ci da sha da allura ba, ya bar wa maƙwabcin da zai iya.