Yadda Za Ka Shirya Bita Ba Tare da Kowa Ya Koyi Komai Ba

 Na ji an sa wa takardarka hannu, kuɗin bitar ma'aikata ya fito, kuma kai aka ɗora wa nauyin shiryawa. To ka kwantar da hankalinka, abin ba wuya. Haɗari ɗaya ne kawai a cikinsa, shi ne wani daga cikin mahalarta ya koyi wani abu, ya dawo ofis ranar Litinin ya ce sai an canza yadda aka saba aiki. Daga nan fitina take somawa. In ka bi shawarwarin nan sau da ƙafa, Allah zai tsare ka daga irin wannan.

Tun farko kada ka kuskura ka tambayi dalilin da ya sa ake son bitar. Wasu masana biyu, Robert Mager da Peter Pipe, sun fitar da littafi a 1970 suna jan kunnen masu horar da ma'aikata cewa su fara bincikawa tukuna: mutumin nan bai iya aikin ba ne, ko kuwa ya iya, wani abu ne ya tare masa hanya? Ka yi nesa da wannan tambaya. In ka yi ta, ƙila ka gano cewa akawun da ake kuka da shi ya fi ka sanin yadda ake cika fom, damuwarsa dai firintar da ta mutu tun bara, ko fayil ɗin da ke shafe mako uku a teburin oga yana jiran sa hannu. Gyaran firinta kuwa ba shi da bikin buɗewa, ba a ɗaukar hoto, ba a raba jaka. Kai dai ka tsaya a kan cewa duk wata matsalar ofis rashin horo ne, maganinta kuma kwana uku a otal.

Sai take. Ka zaɓi mai tsawo wanda zai cika allon tallar daga wannan gefe zuwa wancan, kamar a ce "Ƙarfafa Ƙwazon Ma'aikata Domin Ingantaccen Aiki Mai Ɗorewa a Ƙarni na 21". Alfanunsa shi ne har abada babu mai iya cewa an cimma shi ko ba a cimma ba. Amma da tsautsayi zai sa ka rubuta cewa bayan bitar kowace ma'aikaciyar sashen kati za ta iya buɗe wa majiyyaci fayil a kwamfuta ba tare da ta kira wani ba, ka ga ka ɗaure kanka da igiyarka. Wani mai shisshigi zai iya zuwa ya tsaya a bayanta ya duba.

Wurin taro ya kasance a wani gari. Ma'aikatan Kano a kwashe su zuwa Kaduna, na Kaduna a kawo su Kano, in sun haɗu a Zariya su ɗaga wa juna hannu. Ilimin da aka samu a garin da mutum yake kwana a gidansa ba shi da albarka, domin ba ya zuwa da alawus ɗin kwana. Lokaci kuma babu kamar Disamba, sa'ad da shekarar kasafi ke shirin rufewa, ana neman yadda za a yi da abin da ya rage.

Wajen zaɓen mahalarta a yi adalci: a duba wanda bai je ta bara ba, da wanda za a yi wa bikin ɗiya yana bukatar ɗan taimako, da manyan daraktoci biyu ko uku don taron ya yi kwarjini. Shi kuwa yaron da ke zaune gaban na'urar da aka shirya bitar saboda ita, a bar shi ya tsare ofis. Ai in suka dawo za su yi masa bayani.

Yanzu mun zo kan ƙashin bayan al'amarin, wato bikin buɗewa, kuma nan ne ake gane gwanin shiri. Katin gayyata ya ce ƙarfe tara na safe. Ƙarfe goma da rabi ana nan ana gwada makirfo, mai gabatarwa yana ba da haƙuri cewa babban baƙo yana hanya. Sha ɗaya da rabi sai wakilinsa ya iso, a tashi tsaye. A yi addu'a, a rera taken ƙasa, sannan a shiga kiran manyan baƙi zuwa babban teburi ɗaya bayan ɗaya, kowa da cikakkiyar sarautarsa da digirorinsa, wanda aka tsallake wa "Dakta" kuma a dawo a gyara. Jawabin maraba, jawabin shugaban taro, saƙonnin fatan alheri guda huɗu waɗanda kowannensu ya fara da "ba zan tsawaita ba", sai jawabin babban baƙo, wanda wakilin yake gani karo na farko a daidai lokacin da yake karanta shi. A fita hoto a bakin ƙofa, manya a kujeru, ƙanana a tsaye a rana. A sha shayi da ƙosai ko samosa. Kafin a dawo an kira azahar, bayan salla ga shinkafa da kaza. In ka yi aikinka da kyau, ƙasida ta farko ba za ta fara ba sai wajen ƙarfe uku, lokacin da ciki ya cika, iyakwandishan yana busawa, idanu sun yi nauyi. Babu ilimin da ya isa ya ratsa wannan garkuwa.

Mai ƙasida kuma a nemo wanda ya san darajar PowerPoint. Shafi tamanin ya isa na awa ɗaya, kowane shafi a cika shi dam da ƙananan haruffa, shi kuma ya juya wa jama'a ƙeya yana karanta musu abin da suke gani da idonsu. Richard Mayer, masanin halayyar koyo a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, ya daɗe yana nunawa da gwaje-gwaje cewa mutane sun fi fahimtar hoto da bayanin baki a kan a haɗa musu hoto da bayanin baki da kuma rubutun bayanin gaba ɗaya, saboda ido da kunne sai su shiga kokawa a kan abu guda. Ka ga ke nan kimiyya tana tare da kai, sai dai ka bi ta ta baya. In wayar majigi ta ƙi shiga kwamfutarsa, ko aka ɗauke wuta ana jiran a tayar da janareta, kada ka damu, duk cikin lokacin koyo ake lissafa shi.

A yi komai da Turanci, har da ranar da mahalartan masinjoji ne da direbobi da ma'aikatan jinya na karkara, waɗanda daga safe zuwa dare da Hausa suke aiki da jama'a. Za su gyaɗa kai. In aka ce "an gane?" za su amsa gaba ɗaya. Mutumin kirki ba ya kunyata baƙo da cewa bai gane ba.

Babban abin da za ka tsare da ranka shi ne kada kowa ya taɓa komai da hannunsa. Ka taɓa tsayawa a gareji ka ga yadda bakanike ke koyar da yaronsa? Ba ya tara shi a ɗaki ya karanta masa tarihin kafireto. Miƙa masa sifana yake ya ce kwance, yaro ya kwance ba daidai ba, a daka masa tsawa, ya sake, gobe ma ya sake, har ranar da zai ji ƙarar inji daga nesa ya faɗi abin da ke damunsa. Wannan hanya tana da mugun tasiri, shi ya sa ba ta dace da mu ba. Bitar kwamfuta a yi ta babu kwamfuta. Bitar kashe gobara a nuna hoton tukunyar kashe wuta a majigi, ita kuwa tukunyar ta gaske tana rataye a bangon zauren, kada wanda ya cire mata fil. In lokacin tambayoyi ya yi, ka miƙa makirfo ga dattijon nan da zai fara da cewa shi ba tambaya gare shi ba, ɗan tsokaci ne. Zai cinye minti ashirin yana ba da labarin yadda aiki yake a zamanin Jihar Arewa, kafin ya zauna an kira la'asar.

Akwai wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, da ya zauna yana haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna yadda suke zubewa daga kansa, ya wallafa sakamakon a 1885. Ya gano cewa mantuwa ta fi gudu a awannin farko da yinin farko, sannan ta lafa, kuma maimaitawar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka dunƙule a zama ɗaya kama ƙwaƙwalwa. Wannan bawan Allah ya gama yi maka aiki. Ka dunƙule ƙasidu goma sha biyu cikin kwana biyu, a watse, kada a sake tayar da zancen. Ban da aika wa mahalarta tambaya guda bayan mako ɗaya, ban da sa shugaban sashe ya ce "nuna mini abin da aka koya muku". Kafin motarsu ta wuce Kwanar Dangora rabin abin ya bi iska, sauran kuma zai ƙarasa da kansa.

Tun daga 2020, da korona ta kulle mutane a gida, ogogi suka gano cewa ana iya bita ta intanet. Kada wannan ya tayar maka da hankali, dabarun nan duka suna aiki a can, har sun fi sauƙi. In ta Zoom ce, ka yi amfani da na kyauta mai yankewa bayan minti 40. Goman farko za su tafi a "kuna ji na?" da "Hajiya, rufe makirfonki, muna jin tukunya", goma na biyu a jiran oga ya shigo, kafin a kai ga magana an yanke, a sake turo sabon adireshi, rabin jama'a su ɓace a hanya. Waɗanda suka rage sun kashe kyamara, sunayensu ne kawai ke halarta, su suna layin mai.

In kuwa kwas ne da kowa zai yi a lokacin da ya ga dama, ka ɗora shafuka tamanin ɗin nan yadda suke, ka ƙara bidiyo mai nauyi na awa guda, ka manta cewa da wayar hannu za a kalla, da datar da ma'aikaci ya saya da kuɗinsa, a garin da sabis ke zuwa yana tafiya. Ka kulle maɓallin gaba yadda ba zai dannu ba sai bidiyon ya ƙare, don mutum ya koyi ajiye waya a kan tabarma ya tafi harkarsa. Jarrabawar ƙarshe kuma kada ta wahalar da bayin Allah: in baƙo ya shigo ofis, za ka gaishe shi ne, ko za ka zage shi, ko za ka kulle ƙofa ka gudu? A bari a sake gwadawa sau ba adadi. Kafin azahar amsoshin sun zagaya zauren WhatsApp na ma'aikata, ɗan bautar ƙasa guda ya karɓi kalmar sirrin kowa ya gama wa sashen duka, rahoto ya nuna kowa ya ci ɗari bisa ɗari.

Wani ƙaramin ma'aikaci mai rawar kai zai iya zuwa ya ce me zai hana a yi saƙon murya na minti uku da Hausa, kowane mako guda ɗaya, a kan matsala guda da aka ci karo da ita a ofis, ko a manna takarda mai layi bakwai a jikin na'ura tana faɗin abin da za a danna. Ka yaba masa, ka ce za a duba. Abin da ya kawo zai yi aiki, kuma kusan kyauta ne, to ta ina za a rubuta shi a kasafi?

Saura aunawa. Donald Kirkpatrick, wani Ba'amurke, ya shimfiɗa matakai huɗu a 1959: ko mahalarta sun ji daɗin horon, ko sun koyi wani abu, ko aikinsu ya canza da suka koma, ko kuma ma'aikatar ta ga amfanin hakan. Kai ka tsaya a na farko, nan ne tudun mun tsira. Fom ɗinka ya tambayi ko abinci ya wadatar, ko zauren ya yi sanyi, ko mai ƙasida ya burge. Ka raba shi daidai lokacin da akanta ya buɗe jakar ambulan, ka sanar cewa sai an miƙa fom za a sa hannu a karɓa. Ban taɓa jin bitar da ta faɗi wannan jarrabawa ba. Mataki na uku kuwa yana bukatar ka koma bayan wata uku ka zauna kusa da ma'aikaci ka ga ko hannunsa ya canza. Wa ya aike ka?

In kamfani kake yi wa aiki, ka adana takardar sa hannu da hotuna da rasit kamar ƙwai. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, yana karɓar kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin shekara daga kamfanonin da doka ta hau kansu, kuma yakan mayar da har rabin kuɗin ga wanda ya kawo shaidar ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'ida. An yi tsarin ne don a koyar da aiki da gaske, amma wannan tsakaninka da Allah ne.

Satifiket a buga shi tun kafin a fara, kowa ya samu, har da wanda ya sa hannu ranar farko ya wuce kasuwar Kwari sayayya. A rufe da jawabin godiya, a gode wa Allah da ya sa aka yi lafiya aka tashi lafiya, a ba da shawarar cewa a riƙa yin irin wannan akai-akai. Don Allah in an zo rubuta sunayen masu ƙasida na baɗi kada a manta da ni, ranka ya daɗe. Tawa a shirye take, kwanan wata kawai zan canza.